Arlit, Garin da Dutse Ya Haifa

Kafin a fara haƙar yuraniyom babu gari a inda Arlit take yau, sai rairayi da duwatsu da Buzaye masu ratsawa da raƙuma. Turawan Faransa sun ci karo da ma'adinin a Azelik a 1957, suna cikin neman tagulla. Kamfanin Somair ya fara fitar da kaya a 1971, Cominak kuma ya biyo baya a 1978 da raminsa na ƙarƙashin ƙasa a Akuta. A wannan zangon ne mahaifinmu ya baro ƙasar Damagaram, bayan fari ya cinye gona da bisashe, ya ɗora keken ɗinkinsa a mota ya nufi arewa. Bai taɓa shiga rami ba, amma da ramin muka ci muka sha, domin ƙarshen wata ma'aikata ba sa wuce shagon tela.

Mu yara mun ɗauka abin da ya tara wannan jama'a dole ya yi ƙyalli. Wani maƙwabcinmu, tsohon ma'aikacin rami da muke kira Kawu, shi ya raba mu da wannan zato. Ya ce dutse ne toka-toka, in ka gan shi a hanya ba za ka sunkuya ba. Na tambaye shi, "Kawu, to me Nasara yake yi da shi?" Ya ce, "Wuta, ɗana. Wutar gidajensu." Iyakar amsar ke nan, kuma manya da yawa a unguwarmu ba su da wadda ta fi ta.

Sai da na yi nisa a makaranta na gane cewa yuraniyom ba baƙon abu ba ne a ƙasa. Yana cikin duwatsu kusan ko'ina, har cikin ruwan teku, kuma ya fi azurfa yawa. Sai dai a warwatse yake, ɗan mitsitsi nan ɗan mitsitsi can. Abin da ya bambanta Arlit aikin ruwa ne. Shekaru miliyoyi da suka wuce, lokacin da wurin ke da koramu da itatuwa, ruwa ya riƙa wanko shi daga duwatsun Abzin yana gangarowa da shi yamma, ya ratsa dutsen yashi, har ya iske ruɓaɓɓun tsirrai da suka binnu, su kuma suka riƙe shi. Har yau ina mamakin a ce ruwa ne ya tara wa hamada dukiya.

Duk da wannan taruwa, tan guda na dutse 'yan kilo ƙalilan yake bayarwa. Ana niƙa shi, a jiƙa da ruwan asid, a tace, a samu gari ruwan ɗorawa, a zuba a durom. Sauran kuwa, wanda shi ne kusan duka, a jibge a bayan gari. Tsibin yana girma muna girma. Daga cikin wanda aka tace ɗin ma, kashi 0.7 cikin ɗari ne kaɗai irin da ke tsagewa cikin sauƙi ya ba da zafi, shi ya sa sai an sake sarrafa shi a Turai. Zafin nan ke tafasa ruwa, tururi ya juya injin, lantarki ya fito. Da irin wannan yuraniyom aka ƙera bam ɗin da Amurka ta jefa wa Hiroshima a 1945, da shi kuma Faransa ke samun kusan kashi biyu cikin uku na wutarta.

Mu dai abin da muka gani da ido motoci ne. Manyan tireloli ɗauke da durom suna bin kwaltar Agadas da Tawa, wadda aka shimfiɗa musamman saboda su, su tsallaka Benin zuwa Kwatano, jirgin ruwa ya ƙarasa. Wutar da ke kunna ma'adinan da garinmu kuwa ta gawayin ƙasa ce, daga Anu Araren kusa da Cirozerin.

A lokacin ana yi wa Arlit kirari da Paris ta biyu. Gidajen ma'aikata da famfo da lantarki, ga kanti, ga asibiti, ga mutanen Togo da Benin da Mali cike da kasuwa. Mu 'yan bukkoki muna gefe, muna jiran abin da ya zubo. Iska in ta taso, ƙura har cikin tuwo, mu kakkaɓe mu ci. Sai daga baya muka ji labarin radon, wata iska marar wari da dutsen ke saki, wadda dominta ake girka manyan fankoki a ramuka, kuma masu bincike suka riƙa zuwa suna auna ƙasa da ruwa da tsoffin ƙarafan kasuwa.

Daɗin bai daɗe ba. Bayan hatsarin tashar nukiliya ta Three Mile Island a Amurka a 1979, ƙasashe suka ja baya da gina sababbi, farashi ya faɗi. A Yamai gwamnatin Seyni Kunce, wadda ta yi manyan gine-gine da kuɗin yuraniyom, ta shiga tsuke bakin aljihu. A shagonmu, mai ɗinka shadda uku da sallah ya koma kawo tsohuwar riga a yi mata faci. Mahaifinmu bai san inda wannan tasha take ba, amma littafin bashinsa ya cika saboda ita.

Ran 31 ga Maris 2021 aka rufe ramin Akuta, bayan ya ba da kusan tan 75,000. 'Ya'yan abokan wasana da dama ba su jira ranar ba. Tun 2014 suka ɗauki gatari da jarkar ruwa suka nufi Jado da Cibarakaten neman zinariya.