Banki A Wuyan Hannu

'Yan uwana ɗalibai, duk wanda ya taɓa zama a Sharafiyya ya san cewa gwal a wurin matanmu ba ado kaɗai ba ne. Macen da ta shekara goma tana tuyar waina ko aikatau, alhali ba ta da iƙama balle asusun banki, a ina za ta adana guminta? Sai ta tara riyal har ya kai na zobe, zobe ya zama sarƙa, sarƙa ta zama awarwaro. Da aka yi rushe-rushen 2022 a unguwanni irin su Sabil da Karantina da Kandara, mutane da yawa abin da ke wuyan hannunsu ne ya kama musu haya a wani wurin.

Saboda haka tambayar da goggona ta yi mini, lokacin ina shekara ta biyu a sashen kimiyyar sinadarai na Jami'ar Sarki Abdul'aziz, ba ta wasa ba ce. Wata aminiyarta ta kai awarwaro huɗu Kano za ta sayar domin aurar da 'yarta, mai saye ya goga a dutse, ya ɗiga asid, ya ce sam wannan bai kai karat 21 ba, ko da yake ga hatimin 875 a jiki. Wanda ya sayar mata kuwa irin masu bin gida-gida ne, ba rasit, ba shago. Goggo ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, duk wannan karatun naku, ba ku da yadda za ku gane gaskiyar gwal?"

Akwai, kuma tsohuwar hanya ce ƙwarai. Amma bari mu fara da lissafi. Tsantsar zinariya karat 24 ce. Karat 21 na nufin kashi 875 cikin dubu zinariya ce, sauran jan ƙarfe ne da azurfa, karat 18 kuwa kashi 750. Ke nan a awarwaro mai giram 100, tazarar da ke tsakaninsu giram 12.5 ne na zinariya. Ko a zakka, ga mai fataucin gwal, abin yana da tasiri: nisabin da aka saba ƙiyastawa da giram 85 na tsantsa, sai kayan karat 21 sun kai kusan giram 97 kafin su cika shi, na 18 kuwa sai sun haura 113.

Gogi a dutse fatar ƙarfe kawai yake dubawa. Haka ma na'urar haske da ake gani a manyan shaguna yanzu, ba ta ratsawa can ciki. Idan ana son hukuncin da babu ɗaukaka ƙara, sai an koma ga wuta da sikeli, abin da malamanmu ke kira awon nauyi. Za a gutsuri ɗan kaɗan, a ce miligiram 250, a auna shi a sikelin da ke cikin akwatin gilashi, domin ko numfashinka yana iya motsa shi. Sai a ƙara masa azurfa wajen ninki biyu da rabi na zinariyar, a naɗe su cikin fallen dalma, a ɗora a ɗan kasko mai shan ruwa irin wanda ake yi da tokar ƙashi, a tura tanderu mai zafin da ya kai digiri 1,100 ko kusa da haka. Dalma za ta narke, ta haɗu da iska, ta kwashe jan ƙarfe da sauran tarkace ta shige da su jikin kasko. Abin da zai rage ɗan dunƙule ne mai ƙyalli kamar ƙwayar gero, zinariya da azurfa zalla. A daka shi ya yi fale-fale, a nannaɗe, a tafasa a asid na naitirik. Azurfa ta narke, zinariya ta tsaya. A wanke, a gasa, a sake aunawa. Idan karat 21 ne, sikeli zai nuna miligiram 218.75. Idan 18 ne, 187.5.

Wani zai ce, to me ya sa za a ƙara azurfa tun da cire ta za a yi? Wannan shi ne abin da ya fi burge ni a aikin. Idan zinariya ta yi yawa a cikin dunƙulen, sai ta lulluɓe 'yar azurfar da ke ciki ta hana asid isa gare ta. Sai azurfa ta rinjaya sannan asid yake samun hanyar shiga ko'ina.

Ita azurfa kuwa ba ta jure wuta kamar 'yar uwarta, wani ɓangarenta yana bin dalma ya shige kasko, sai awo ya nuna ƙasa da gaskiya. Wannan ya sa Bafaranshen nan Gay-Lussac ya wallafa wata hanya a 1832: a narka azurfa a asid, a riƙa ɗiga mata ruwan gishiri wanda aka san ƙarfinsa. Kowane ɗigo yana tayar da farin gari kamar an zuba nono a ruwa. Da zarar ɗigo ya sauka bai tayar da komai ba, azurfa ta ƙare, kuma yawan ruwan gishirin da ya shiga shi zai faɗa maka nauyinta. A 1874 Bajamushe Volhard ya kawo wadda muka fi yi a ɗakin gwaji, inda ruwan kan juya ja-ja a ɗigon ƙarshe. Awon ɗigo-ɗigo ke nan, kuma duk ɗalibin da ya taɓa tsayuwar awa uku gaban bututun gilashi, hannu a kan famfo, ido a kan kwalba, ya san ciwon bayan da nake nufi.

Da na gama yi wa goggo wannan bayani, sai ta ce, "Wato sai an gutsure mini awarwaro kafin a gaya mini gaskiyarsa?" Na ce haka ne, Goggo. Ta ce to ita ba ta yarda ba. A ganina tana da hujja, domin awon wuta aikin hukuma ne da masu ƙira, ba na mace mai awarwaro huɗu ba.

Abin da muka iya yi a gida shi ne na ruwa. Na aro ƙaramin sikeli, muka auna kowane awarwaro nata a sarari, sannan muka rataye shi da zare cikin kofin ruwa muka ga nauyin ruwan da ya ture. Tsantsar zinariya ta ninka ruwa nauyi sau 19.3, karat 21 yakan faɗa wajen 17, na 18 wajen 15 da rabi. Awon ba ya aiki ga mai rami a ciki ko mai duwatsu, kuma ƙiyasi ne kawai. Biyar daga cikin nata sun faɗa inda ake so. Na shida ya tsaya a 15 da ɗoriya, kuma shi kaɗai ne ba daga shagunan Balad ta saya ba. Ta juya shi a hannu, ta yi shiru, can ta ce da ni kada in kuskura in faɗa wa kawu.