Ɗan Lafani Ya Tafi Neman Lokeshin A Giginya

Tun da ya kalli Seven Samurai, fim ɗin Akira Kurosawa na 1954, wani matashi ɗan Lafani mai tura finafinai a waya ya rasa sukuni. Mayaƙan Japan bakwai suna kare ƙauyen manoma, ba soyayyar lambu, ba waƙar fulawa, amma sau uku yana maimaita shi. Ya ce ai mu ma muna da masu takobi. Sai ya ciri kuɗi cikin tarin da yake yi na sayen kyamara, ya shiga motar Illela zuwa Sakkwato neman lokeshin.

Yunwa ta fara kai shi wani gidan abinci mai adon gargajiya: takobi da garkuwa a bango, tuwo a akushi, fura a ƙwarya. Ya ƙwanƙwasa takobin, ashe gwangwani ne! Dattijuwar mai abincin ta yi dariya ta ce, "Ɗana, ci tuwonka, na gaske suna gidan tarihin Waziri Junaidu."

A Hubbaren Shehu, wanda ya rasu a 1817, ya tuɓe takalmi, wayar ma kasa fito da ita ya yi. Giginya ce ta ba shi haushi. Nan Sarkin Musulmi Attahiru ya tari sojan Ingila ranar 15 ga Maris 1903, amma yau gari ya cinye wurin. Duk inda ya saita waya, in ba falwaya ba to ɗan acaɓa ne.

A hanyar komawa, da suka iso Gwadabawa, ya tambayi direba nawa ake zuwa Ɗegel.