Gayya Biyar, Fartanya Ɗaya

Wannan makon labarin wata gayya zan ba ku, wadda ba a gona ake yin ta ba.

A Birnin Kebbi wani abokin karatuna ya nuna mini manhajar BOINC, wadda aka ƙirƙira a jami'ar Berkeley ta Amurka a 2002. Masana kan daddatsa babban lissafi gunduwa-gunduwa, su tura wa kwamfutocin masu sa kai ta intanet. Kwamfutarka ta yi nata kason a lokacin da ba ka amfani da ita, ta mayar da amsa, kuma ko sisi ba a biyan ka. Ina jin haka na ce ai wannan gayya ce.

Da na dawo gida Cheberu da tsohuwar kwamfutata, zumuɗi ya sa na shiga ayyuka biyar a dare ɗaya. Akwai Rosetta@home mai binciken siffar furotin domin neman magunguna. Akwai climateprediction.net na jami'ar Oxford mai lissafin sauyin yanayi, wanda ya ja ni saboda ambaliyar 2020 da ta cinye shinkafa a faɗin Kebbi. Sai World Community Grid, sai biyu na taurari, Einstein@Home da MilkyWay@home.

Manhajar kan ba kowane aiki kaso 100 idan ba ka canza ba, wato kowa daidai da ɗan'uwansa. Na bar shi haka, ina ganin adalci ke nan. Lissafin da ban yi ba shi ne na wuta. Farantin sola ɗaya gare mu, batirinsa ke kunna fitilar Inna, shi ke cajin wayoyin gida. Abin da zan iya ba kwamfuta bai wuce awa huɗu a rana ba. Raba wa biyar, kowa ya tashi da minti 48. Ga shi kowace gunduwa da wa'adinta take zuwa, in ka makara a tura wa wani. Haka na riƙa ganin aikin da ya kai rabi yana zubewa a banza.

Sai na fara satar wuta da dare. Ran nan fitila ta mutu Inna na tsakiyar tankaɗe. Baba ya kira ni, na yi masa bayani. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To kai Audu, in mutum biyar sunka kira ka gayya safiya guda, kac ce ma kowa kana tahe, gonar wa za ka nomewa? Wanda kac ce ma a'a ya nemi wani. Wanda kac ce ma to, kai yaka jira."

Kunya ta kama ni. Ashe ba taimakon biyar nake yi ba, riƙe musu aiki nake yi.

Washegari na hana uku karɓar sabon aiki. Na ba Rosetta 300, na ba na yanayi 100, wato awa uku da awa ɗaya, tunda na yanayi wa'adinsa na da tsawo. Sallamar na taurari ta yi mini ciwo, domin tun ina yaro nake kwana a tsakar gida ina kallon Zara. Amma tun daga ranar gunduwata ba ta sake makara ba, fitilar Inna kuma tana kaiwa isha'i.

A daren na buɗe littafin rubutuna, na ƙirga labarai shida da na fara, babu wanda ya kai ƙarshe. Na naɗe shafukan biyar. Na shidan yanzu yana babi na tara.

Ku fa, labari nawa ke jiranku a babi na biyu?