Mushtari daga saman soro

A lungunan cikin birnin Kano, daga Yakasai har Madabo, samaniya tsukakkiya ce. Katangu sun matse, wayoyin lantarki sun yi saƙa, abin da mutum ke gani daga tsakar gida bai wuce faɗin tsakar gidan ba. Don haka mai madubin hangen nesa sai ya kinkime shi ya hau saman soro bayan isha'i.

Mutane na ɗauka sai an ɗauke wuta ake ganin abin kirki. Ga ƙananan taurari haka ne, amma Mushtari da Zuhal da Zara haskensu ya fi ƙarfin fitilun Kano. Wurin zamanmu ma ya taimaka: birnin yana wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, shi ya sa Mushtari da Zuhal kan hau can tsakar ka, inda Bature a Landan yakan hango su a karkace. Abin da ke ɓata hoto shi ne iska. Soro da kwano sun sha rana yini guda, da dare suna fitar da huci, sai ka ga Mushtari yana rawa cikin madubi kamar kwabo a ƙasan ruwan kwano. Ga janaretan maƙwabci yana girgiza ƙafafun madubin. Ga hazon hunturu, wanda kan dusashe komai. Daren da ya biyo bayan ruwan sama, ko ƙarshen damina kafin ƙura ta sauko, shi ne na neman hoto.

Aikin kansa na haƙuri ne. Za ka ɗora idon kyamarar waya daidai kan idon madubin, ka kauce da kaurin gashi sai baƙi ƙirin. Ka samu, kafin ka gyara tsayuwa tauraron ya sulale gefe, domin ƙasa tana juyawa da kai da soron baki ɗaya. Sannan ga zaɓin da babu makawa: in ka buɗe haske don watanninsa su fito, shi Mushtari ya zama farin dunƙule, in ka rage don a ga ratsin jikinsa guda biyu, watannin sun ɓace. Masu gwaninta bidiyo suke ɗauka, na minti biyu ko ƙasa da haka, saboda Mushtari yana gama juyawa cikin ƙasa da awa 10 kuma ratsin zai goge in an daɗe. Daga baya manhaja ta tsince hotunan da iska ta lafa, ta haɗe su guda.

Ni dai a ganina hoton dare ɗaya bai faɗi komai ba. A jera na dare uku a ga. Ɗigo huɗun nan, wato manyan watanninsa, sun sauya wuri: jiya uku a dama ɗaya a hagu, yau ɗaya ya ɓuya gaba ɗaya. Na kusa, Io, yana kewayewa cikin kusan awa 42 da rabi, Ganymede mako guda, Callisto kusan kwana 17. Wannan sauyin ne Galileo ya lura da shi a Janairun 1610, da madubin da bai kai na kasuwa na yau ba, ya gane ba komai ne ke kewaya duniyarmu ba.

Maƙwabta kuwa in sun hau kallo, tambayarsu ɗaya ce: ana ganin watan azumi da madubin? Ana iya gwadawa, sai dai jinjirin wata can ƙasa yake tsayawa ta yamma, wajen Goron Dutse, inda ƙura da hayaƙi suka fi kauri, kuma ba ya jimawa bayan magariba. Ko an gan shi ma, sanarwa daga fadar Sarkin Musulmi a Sakkwato za a jira.