Ciyawar Da Ta Ƙoshi

Ban taɓa ganin teku ba, amma na yi wata uku ina bin rayuwar wata ciyawa da ke fitowa inda ruwansa ke shiga ya janye sau biyu a rana. Sunanta Spartina, fadamun gishiri na gabashin Amurka ne gidanta. A shekarata ta ƙarshe a jami'a aka ɗora mini rubutu a kanta, na karɓa ina ƙunƙuni.

Wahalar da take sha kafin ta ci ita ta fara kama hankalina. Naitirojin ɗin da take buƙata yana cikin taɓo a siffar amoniyam, amma taɓon ba iska, ga gishiri, ga salfayid mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, duk suna tare mata hanya. Sai ta tura iska daga ganye zuwa saiwa ta wasu kafofi da ke cikin karanta, saiwar ta samu numfashin zuƙar abinci. Ɗan abin da ta samu ma, wani kaso takan sarrafa shi ne don kare kanta daga gishirin da ke janye mata ruwan jiki. Shi ya sa ta bakin rafi, inda ruwa ke wanke taɓo, kan yi tsawo, ta can ciki ta tsaya gajera.

Sannan na karanta binciken da Linda Deegan da abokan aikinta suka wallafa a 2012. Shekara tara suka yi suna zuba taki a rafukan fadamar Plum Island, a jihar Masacusets. Ciyawar ta miƙe, ta rage saiwa tunda abinci ya zo a sauƙaƙe, gaɓar da saiwar ke riƙewa ta tsage ta rufta cikin ruwa.

Daren nan gonar mahaifina na tuna. Bara waccan ya ci bashi ya ninka wa shinkafarsa yuriya, ta yi kore shar, karanta ya yi laushi, ta kwanta a iskar farko tun ba ta nuna ba. Ya ce ƙaddara ce, ni ma na ce haka. Bashin yana nan.

Da na je gida hutu na yi masa bayani, har da zane a ƙasa. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To, su ma can shinkafa suke nomawa?"

Na ce, "A'a, Baba, ciyawa ce."

Ya yi dariya sosai. Da damina ta faɗi ya yanka mini gefe guda na gonar, ya ce in zuba takin yadda littafina ya ce, sauran kuwa zai yi yadda ya saba.