Ɗakin Ajiyar Hajiya

Kwana uku bayan fitarta daga takaba, Hajiya ta sa aka buɗe ɗakin ajiyarta. Wata huɗu da kwana goma ta yi tana kallon ƙofarsa daga kan tabarmar da take zama, tana sane da cewa ranar buɗe shi na nan tafe. Magada sun amince a sayar da gidan domin ba zai rabu tsakanin mutum goma sha ɗaya ba. Ita kuma za ta koma sashen da ɗanta ya gina mata a gidansa, a wata sabuwar unguwa a gefen Kano: ɗaki ɗaya da falo da banɗaki. Shekara 43 ta yi a gidan da za ta bari, kuma abin da ta tara a cikinsu ba zai shiga sabon wurin ba ko da an jera shi har rufi.

Babbar 'yarta, wadda ke aikin harhaɗa magunguna a wani asibiti, ta ɗauki hutun mako guda don ta taya ta. Ta zo da buhuna da kwalaye, ta ƙiyasta cewa kwana biyu sun isa. Da aka tura ƙofar, sai ga kwanukan samira na jeren auren Hajiya a naɗe cikin tsofaffin jaridu, ga langa-langa da fantekoki, ga kuloli da robobin da aka raba a bukukuwan da wasu aurarrakinsu sun daɗe da mutuwa. Ga keken ɗinki, ga rediyo mai kaset, ga dardumai tsarabar Makka waɗanda ba a taɓa shimfiɗawa ba. Ga kuma akwatuna bakwai, shida cike da atamfa da leshi da ankon biki, na bakwai na ƙarfe ne, a kulle, makullinsa a ɗaure a haɓar zanen Hajiya.

Ranar farko ta ƙare ba a fitar da komai ba sai magungunan da wa'adinsu ya wuce. Duk abin da 'yar ta ɗaga, uwar na da dalilin mayar da shi.

Dalilan kuwa suna da tushe. A ƙasar Hausa kayan ɗaki dukiyar mace ne, nata na kanta. Iyayenta ne suke haɗa su, da su take shiga gidan miji, da su kuma take fita idan zama ya ƙi. Ga matan zamanin Hajiya, waɗanda da yawansu ba su da asusun banki, jeren kwanuka da turamen atamfa su ne ajiya. Idan rashin lafiya ya taso ko kuɗin makaranta ya gagara, a kira dillaliya, a ba ta turmi biyu, kafin magariba kuɗi sun shigo hannu. Wadda ta ga yadda naira ke zubar da daraja shekara bayan shekara, alhali turmin atamfa mai kyau yana ƙara tsada a Kantin Kwari, ba za a ce mata ajiyarta wauta ce ba. Haka kuma waɗannan kayan ne ake ciro wa 'ya ko jika idan aurenta ya zo.

Akwai kuma abin da ya shafi ɗan Adam ko'ina yake. A shekarar 1990 wasu masana uku, Daniel Kahneman da Jack Knetsch da Richard Thaler, suka wallafa sakamakon wani gwaji da aka yi da ɗalibai a Jami'ar Cornell ta Amurka. An raba wa rabin ɗaliban kofunan shayi kyauta, sauran ba a ba su ba, sannan aka buɗe ciniki a tsakaninsu. Waɗanda kofi ke hannunsu suka nemi kusan ninki biyu na abin da masu saye suka yarda su biya. Kofin bai canza ba, mallakar 'yan mintoci ce ta ƙara masa daraja a idon mai shi. Idan mintoci sun yi haka, to ina ga shekara arba'in? Shi ya sa farashin da dillaliya ke faɗa yakan zo wa mai kaya kamar cin fuska.

A rana ta biyu 'yar ta gwada hanyar da ta gani a talabijin. Marie Kondo, 'yar ƙasar Japan wadda aka fassara littafinta zuwa Ingilishi a 2014 kuma shirinta ya fito a Netflix a 2019, tana koyar da cewa a tara kaya jinsi-jinsi, a fara da tufafi, sai littattafai, sai takardu, sai tarkacen gida, a bar kayan tunawa zuwa ƙarshe. Kowane abu a riƙe shi a hannu, idan ya faranta rai a ajiye, idan bai faranta ba a sallame shi. 'Yar ta miƙa wa uwar wani kwano mai zanen furanni wanda gefensa ya ɓantare.

"Umma, wannan yana faranta miki rai?"

Hajiya ta juya shi a hannu. "Inna ce ta sayar da tunkiyarta ta saya mini shi. In na gan shi ƙirjina ne yake yin nauyi. To a wane buhun za ki sa shi?"

Tambayar Kondo tana ɗaukar kaya a matsayin abin da ke tsakanin mutum da zuciyarsa kaɗai. A ɗakin Hajiya kuwa kusan kowane abu akwai wani a jikinsa: wanda ya ba da shi, wanda ya ba da aronsa, wanda yake sa ran gadonsa, wanda zai ji haushi idan ya gan shi a hannun wani. Duk da haka tsarin jinsi-jinsi ya yi amfani. Sai da aka zube atamfofin akwati shida a wuri ɗaya Hajiya ta ga yawansu da idonta. Ta kuma ga cewa na ƙasan akwati biyu danshi ya shige su, asu ya huda su, layin ninki ya zama tabo. Turmi mai yadi shida da aka ajiye don ranar buƙata ya koma abin da ko dillaliya ba za ta ɗauka ba. Ta daɗe tana shafa ɗaya daga ciki ba ta ce komai ba.

Abin da ya sauya tafiyar aikin shi ne abin da Hajiya ta gani a lokacin takabarta. Ta ga yadda aka lissafa kayan marigayi ɗaya bayan ɗaya, tun daga mota har huluna da takalma, domin a shari'a duk abin da mamaci ya bari gado ne, kuma ba a raba shi sai an cire kuɗin jana'iza, an biya bashi, an zartar da wasiyya. Ta ga 'ya'yanta da na abokiyar zamanta, waɗanda suka tashi suna cin abinci a kwano ɗaya, sun yi mako biyu ba sa gaisawa saboda alkyabba guda. Kowa ya ce Alhaji ya taɓa yi masa alkawarinta, kuma mai yiwuwa duk gaskiya suka faɗa. Amma alkawarin baki bai fitar da ita daga cikin gado ba. A mazhabar Malikiyya, kyauta ba ta kammala sai wanda aka ba ya karɓe ta ta koma hannunsa kafin mai bayarwa ya rasu ko ya kwanta ciwon ajali. Wasiyya kuma ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na dukiya, ba a kuma yi wa magaji ita sai da yardar sauran magada.

Mutanen Suwidin suna da al'ada mai kama da abin da Hajiya ta yanke shawarar yi, wato dattijo ya rage kayansa da hannunsa tun yana da ƙarfi don kada ya bar wa na baya wahala. Margareta Magnusson ta rubuta littafi a kanta a 2017. Hajiya ba ta taɓa jin labarinsa ba. Da asubar rana ta uku ta ce wa 'yarta, "Ba zan bar muku abin da za ku yi faɗa a kansa ba. Ɗauko takarda."

Ta tsara tambayoyinta da kanta, kamar yadda ta saba tsara jarrabawa a shekarun da ta yi tana shugabantar makarantar firamare. Ta farko: na wane ne? Duk abin aro ko amana a fitar da shi kafin komai. Haka aka mayar da tukunyar biki ga maƙwabciya, aka aika da sarƙar da wata ƙanwa ta ba ta ajiya tun kafin ta koma Zariya. Ta biyu: zan taɓa shi kafin shekara ta zagayo, da damina da hunturu da azumi da sallolin nan biyu? Abin da ya haye wannan shi ne zai bi ta. Ta uku: wa ke buƙatarsa, kuma zai iya zuwa ya ɗauka a wannan makon? Ba ta yarda a rubuta sunan kowa a kan kwali a jingine ba, sai an zo an karɓa a gaban shaida. Abin da ta ba 'ya'yanta kuwa ta daidaita shi a tsakaninsu gwargwadon iko, domin ta san fifita wani ɗa a kyauta abu ne da addini ya yi gargaɗi a kansa.

Daga nan aiki ya kama hanya. Keken ɗinki ya tafi wurin wata bazawara mai marayu uku. Atamfofin da suka tsira aka raba su tsakanin jikoki biyu da ake shirin aurensu da wata marainiya a unguwa. Dardumai suka tafi masallaci. Robobi da kuloli dillaliya ta kwashe, tsofaffin ƙarafa 'yan gwangwan suka auna. Takardun fansho da na asibiti da shaidar kammala karatu suka shiga jaka ɗaya. Takardun da ke ɗauke da ayoyi aka ware su aka ƙone a wuri mai tsabta, ba a haɗa su da shara ba. Hotuna kuwa wani jika ya ɗauke su da waya ya tura wa dangi, aka bar wa Hajiya na asali guda ashirin. Daga cikin kwanukan jere ta riƙe ɗaya, mai ɓantararren gefen nan, ta ce a ciki za ta riƙa zuba dabino.

Ba duka ne ya tafi lami lafiya ba. Wata 'yar ɗan'uwanta ta yi fushi don ba ita aka ba keken ba. Rediyon da aka bayar ranar Laraba, Hajiya ta nemi a dawo da shi ranar Alhamis, aka dawo da shi, ya kwana a gefen gadonta, da safe ta sake bayarwa.

Akwatin ƙarfe ne ya rage. 'Yar ta zaci gwal ne a ciki, ta ce ya kamata a auna a rubuta. Hajiya ta yi kamar ba ta ji ba, sai da aka yi la'asar ta kwance makullin ta miƙa mata ba tare da ta dube ta ba. A ciki akwai majanyi saƙi wanda launinsa ya koɗe, da katunan sakamakon jarrabawa daga aji ɗaya zuwa shida, da wasiƙu huɗu da wata yarinya ta rubuto daga makarantar kwana tana roƙon a zo a ɗauke ta. Rubutun nata ne. Ita ce 'yar fari, wadda uwar ba ta taɓa kiran sunanta ba saboda alkunya, ba ta taɓa yabonta a gaban mutane ba, wadda kaka ce ta raine ta daga yaye har ta isa shiga makaranta. Ta kai shekara arba'in da biyu tana ganin ƙannenta ne suka samu uwa.

"Umma, wannan a wane kashi yake?"

"Wannan ba ya cikin lissafi," in ji Hajiya. "Rufe."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, akori-kura ɗaya ta kwashe abin da ya rage a sawu guda. Direba ya kai hannu zai ɗora akwatin ƙarfen a baya, Hajiya ta ce a'a. Aka sa mata shi a ƙarƙashin ƙafafunta a motar 'yarta, ta mayar da makullin haɓar zanenta, ta ce su tafi.