Ninki Huɗu Ya Kusa Ja Mini Tsiya

Ran nan ƙanena ya zo mini hutun makaranta, ya karɓi wayata ya ɗora mata wata manhaja wai ita PPSSPP. Aikinta shi ne ta kwaikwayi na'urar wasan nan ta kamfanin Sony da ake kira PSP, wadda ta fara fitowa a Japan a 1994 da goma, watau 2004, har wayar ta riƙa buga wasanninta kamar ita ce. Wani mutumin Suwidin, Henrik Rydgård, shi ya fito da ita a 2012. Da na ga Pro Evolution Soccer ya buɗe, sai na tuna da kwanakin da muke kai kuɗin tara gidan gem.

Amma fa hoton bai yi mini ba. 'Yan wasa duk gefensu tsaga-tsaga, sai ka ce da reza mai dakushi aka yanko su. Ƙanen nawa ya ce, "Yaya, ai gyara shi ake yi." Ya nuna mini wurin da ake zaɓen girman hoton da manhajar za ta zana a cikinta kafin ta miƙo shi ga fuskar waya. Ita PSP ɗige 480 a kwance da 272 a tsaye take zanawa. Ana iya ninka wannan sau biyu, sau uku, har gaba. Ni kuwa da kwaɗayi, na danna ninki huɗu.

Kai, hoto ya fito tas! Layin fili ya miƙe, ƙwallo ta zama ƙwallo. Sai dai rubutun allo da fuskokin 'yan kallo suna nan da dishi-dishinsu, domin su zanannu ne tun asali, ninki ba ya ƙara musu kome.

Abin da ban lissafa ba shi ne, tsawo da faɗi ake ninkawa tare. Ninki biyu aiki huɗu ne, ninki huɗu kuwa aiki goma sha shida: daga ɗige 130,560 zuwa sama da miliyan biyu a kowane hoto, ga shi kuma ana bukatar hoto talatin ko sittin cikin daƙiƙa guda. Kafin a tafi hutun rabin lokaci waya ta ɗau zafi kamar dutsen guga, 'yan wasa suka shiga tafiyar hawainiya, muryar mai sharhi tana yankewa. Na danna bugu, ɗan wasa bai ɗaga ƙafa ba sai da aka ƙwace ƙwallon.

A daren nan ba wuta a unguwarmu, kuma edita ya ce zai neme ni kan wani labari da za a rufe shafi da shi. Ina cikin neman ramuwa wayar ta mutu. Da gudu na je wurin mai caji a bakin titi, na tarar an kira ni sau uku. Allah ya rufa asiri, shafin bai tafi ba, amma na sha faɗa.

Abin haushin ma, fuskar wayata ɗige 720 ne kurum a gajeren gefenta, ninki huɗu kuwa 1,088 yake zanawa, sai a sake matse shi ya shiga. Yanzu na tsaya a ninki biyu, watau 960 da 544. Gefen 'yan wasa da ɗan sauran kaushi, amma in na danna bugu nan take ake bugawa. Ƙanena har yanzu cewa yake tsufa ne ya kama ni, ko da yake jiya na ci shi biyu da nema.